Ƙasa Ba Ta Da Kafili

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya tafi ranar Talata da hantsi, yana zaune a ƙofar gidansa a unguwar Nuzla, nan ƙasa mai tsarki, kofin shayi a hannu, ko rabi bai sha ba. Kafin magariba mun kai shi.

Kwana uku aka jera kujeru a lungu, aka rataya fitilu yadda ake yi a nan, ana zagayawa da gahawa. Ni ina can ƙarshen layi ina sauraron abin da ake faɗa. Wani tsoho da ya zo daga unguwar Bani Malik ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, mutum mai haƙuri." Saura kaɗan gahawa ta shaƙe ni. Haƙuri? Mutumin da ya bi mai sayar da ciyawar dawaki da takalmi har bakin titi, don ya yayyafa mata ruwa ta yi nauyi? Wani kuma ya ce wai bai taɓa ɓata wa kowa ba. Ƙarya ce. Rabin waɗanda ke zaune a kujerun nan ya ɓata musu, ni ne na farko. Mutum in ya mutu sai a wanke shi sau biyu: a wanke jikinsa, sannan a wanke halinsa har ya zama ba shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai babban ɗansa ne. A nan aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar garwashi take, da ya ɗauka sai ya yar ya koma Larabci. Abokan aikinsa suka tambaye shi me tsohon yake yi a da, ya ce, "Haris ne, mai gadi." Shi ke nan. Shekara tamanin da wani abu a kalma biyu.

Su kuwa matasan gida abu ɗaya suke ta raɗa a kai: wane ne Balaraben nan mai furfura a gemu da ya zo jana'iza da babbar mota, kuma me ya haɗa shi da ni, da har ya yi abin da ya yi wajen ɗaukar makara? Ba wanda ya tambaye ni. To ga amsar, ko ba a nema ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Da ƙafa aka zo da shi yana ƙarami, ta Sudan, cikin ayarin alhazai. Ya tashi yana kai ruwa gidajen unguwar Ruwais da keken jaki. Da motocin ruwa suka zo, sana'ar ta mutu, amma son keke bai mutu a jinin waɗanda suka yi ta ba. Can kudu da gari akwai wani fili mai gishiri, shimfiɗaɗɗe kamar faranti, ana ce masa sabka. Na gidan da Kawu ya daɗe yana kai wa ruwa ne. Ɗan gidan shi ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a kan takardun zama a ƙasar, ya sa shi gadin lambu da bargar dawakin da ke bakin filin. Kowace Juma'a bayan asuba, kafin rana ta fara hauka, a nan ake haɗuwa: mu, da Yamalawa, da 'yan Sudan, kowa da dokinsa da ɗan kekensa mai taya biyu da aka yi wa walda a gareji. Keke shida ake jerawa, a tafi da sassarfa, a zagaya wata tsohuwar ganga, a dawo. Caca babu, Kawu ya hana. Wanda ya ci buhun sha'ir yake samu, da bakin yin surutu na mako guda.

Kawu ne alƙali, kuma ba irin alƙalin da ke tsayawa da tuta ba ne. Ran Alhamis da yamma zai ɗaura wani tsohon ƙyauren ƙarfe a bayan mota ya ja shi a kan filin, har ƙasa ta kwanta lumui. Da safe kowane direba sai ya zo gabansa, ya ɗaura masa igiya a tayar hagu. Igiyar wani ƙulli ɗaya, ta wani biyu, har shida. Duk inda taya ta bi, ƙullin yana buga hatiminsa a gishiri. Idan aka gama tsere, ba mai taka filin, ko uban waye. Kawu zai tuɓe takalmi, ya goya hannu a baya, ya bi sawu tun daga farko har ƙarshe, kai a sunkuye kamar wanda allurarsa ta faɗi. Sai ya dawo ake sanin wanda ya ci.

Dokarsa ɗaya ce babba: ba ka shan gaban ɗan'uwanka sai tayarka ta wuce hancin dokinsa da tsawon bulala. Wanda ya karya, ba tara, ba zagi. Zai kwance doki daga keken wanda ya zalunta, ya shiga tsakanin sandunan da kansa, mai keken ya hau ya zauna, ya ja shi daga ganga har inda aka tashi. Kawu yakan ce, "Baki yana rantsuwa, taya ba ta rantsuwa."

Ni da Umra na zo, na ƙi komawa, kamar dubban wasu. Tun ranar ya sa mini Ɗan Umra, kuma da sunan ya mutu yana kirana, ga furfura a kaina. Shi ya ba ni wurin kwana a gefen barga, shi ya koya mini riƙon linzami. Wata na uku da fara tsere na sha gaban wani ƙaton Bayamale daidai ganga, na iso na farko, har na miƙe a kan keke ina ihu. Kawu ya bi sawu ya dawo.

"Ɗan Umra, ƙulli nawa na ɗaura maka?"

"Uku, Kawu."

"To uku ya hau kan biyar kafin kwana. Je ka kwance dokinsa."

Na matso na yi ƙasa da murya. "Kawu, ni ne fa."

"Na san kai ne. Ina tsakar gida aka haifi uwarka. Kwance dokin."

Na ja Bayamalen nan. Buhu uku na shinkafa ba su kai shi nauyi ba, kuma waƙa ya riƙa yi yana kaɗa mini harshe kamar yadda ake yi wa jaki. Sandunan suka saɓule mini fatar hannu. Wata huɗu ban yi wa Kawu magana ba, gaisuwa ma da ka nake yi. Amma kullum na buɗe ƙofa da safe sai in tarar da burodin tamis mai zafi da kwanon dafaffen waken da ake ce wa ful, wani lokaci da man shafawa. Ranar da na gaji na ce masa ya daina, ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Ni? Ina ruwana da cikinka. Wataƙila aljanun sabka ne."

Haka yake. Alherinsa a ɓoye kamar sata, faɗansa a fili kamar kiran salla.

Shekara huɗu bayan haka ɗan kafilinsa ya dawo daga karatu a waje, ya shigo tseren. Ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya, amma tun da aka haife shi ba a taɓa ce masa a'a ba. Ya zo da doki mai tsada da keke na kanti mai walƙiya, namu kusa da shi kamar gadajen asibiti. Kawu ya ɗaura masa igiyarsa kamar kowa.

Wata Juma'a ina jan goɗiyar wani mahauci ɗan Sudan, ƙulli huɗu a tayata. Goɗiyar nan ta tashi da ƙafar dama, muna gaba har kusa da ganga. Sai na ga walƙiya ta gefen ido. Ɗan kafili ne ya yanko ta gabana, tayarsa ta goge ƙafar goɗiya, ta yi tuntuɓe ta durƙusa, ni kuma Allah ne ya riƙe ni ban tashi sama ba. Ya wuce ya iso na farko. Abokansa da ke cikin motoci a gefe suka cika filin da oda.

Kowa ya gani. Kuma nan take kowa ya samu aikin yi: wannan yana duba kofato, wancan yana gyara ragama. Domin duk mun san abu ɗaya. Iƙamar Kawu, katinsa na izinin zama a ƙasar, saura ƙasa da wata biyu ta ƙare, kuma uban wannan saurayin ne mai sabunta ta. A kan katin nan matarsa take, da 'ya'ya biyar da ba wanda ya taɓa ganin Najeriya ko a mafarki.

Kawu ya fara tuɓe takalmi. Babban ɗansa, wannan dai mai cewa haris, lokacin ya kai shekara ashirin da biyar, ya riƙo hannun rigar ubansa yana magiya da Larabci. "Abuya, halas, bar shi. Iƙama, Abuya, iƙama!"

Ni ma na ce, "Kawu, na yafe. Goɗiya ce ta yi tuntuɓe da kanta."

Ya zare hannunsa ya shiga fili. Ban taɓa ganin tafiya mai tsawon wannan ba. Da ya kai ganga ya tsuguna, ya shimfiɗa bulala a ƙasa ya auna, ya sake aunawa. Na ce a raina, tsohon nan yana neman mafita ne, Allah ya sa ya samu. Ya dawo ƙafafunsa fari fat da gishiri, ya tsaya gaban saurayin.

"Ya waladi, ƙulli nawa na ɗaura maka?"

"Ɗaya, ya Ammi." Haka yake kiransa, wato baffa.

"Ɗaya ya hau kan huɗu, ko rabin bulala babu tsakani. Tseren na mai ƙulli huɗu ne da an bar shi. Je ka kwance goɗiyar."

Saurayin ya yi dariya, ya waiwayi abokansa, ya nuna ni da leɓe. "Ni zan ja wannan? Ka san a filin wa kake tsaye?"

"Na sani. Filin babanka ne. Shi ne kafilina, kuma na gode masa. Amma ƙasa ba ta da kafili. Abin da ta gani shi ta rubuta. Zo ka karanta da kanka."

Bai je ba. Ya jefar da linzami ya shiga mota. Kawu ya sunkuya ya kwance igiyar daga tayar keken mai walƙiya, ya sa a aljihu, ya ce ba za ta koma ba sai an ja keke.

Kada wani ya ce muku bai ji tsoro ba. Ni na gan shi a bayan barga ya fito da katin yana kallo, ya mayar, ya sake fitowa da shi. Kafilin ya kira shi gida, ya bar shi a tsaye ko gahawa babu, ya ce abu mai sauƙi yake so: ya fito ran Juma'a ya ce idonsa ya tsufa, kuskure ya yi. Kawu ya ce masa ido ya tsufa, gaskiya ne, shi ya sa ya auna sau biyu.

Gida ya zama wuta. Matarsa, wadda muke ce wa Inna, mace ce da ba ta ɗaga murya, amma ran nan har waje na ji ta. "Malam, in aka kwashe mu, a ina za mu sauka? Kai kanka ka san hanyar gidan ubanka?" Bai san ta ba kuwa. Ɗansa kuwa ni ya tare a lungu. "Kai ba ka da abin rasawa, ko takarda ba ka da ita. Mu za ka jawo wa." Ban mare shi ba saboda gaskiya ya faɗa.

Na je na durƙusa gaban Kawu, abin da ban taɓa yi ba. Na ce don Allah ya bari, ni aka yi wa, kuma na yafe duniya da lahira.

Ya ce, "Ba naka ba ne da za ka yafe. Ƙafar goɗiya aka buga, je ka tambaye ta. Kuma in na bar wannan, sai in bi gida gida in roƙi gafarar duk wanda na sa ya ja keke shekara ashirin. Har da kai. Kana so in durƙusa maka, Ɗan Umra?"

Juma'a ta uku kafilin ya kawo sabon alƙali, wani mai hular rana da usur a wuya, aka ce ya san dokokin tsere na ƙasashen waje. Aka ce Kawu ya zauna a bakin ƙofa ya yi gadin da aka ɗauke shi yi. Ya ɗauki bencinsa ya je ya zauna. Kafilin yana cikin mota a gefen fili, gilashi a sauke.

Muka jeru mu shida, ba igiya a tayar kowa. Ƙafar goɗiya ta warke, ina kai. A damana Bayamalen nan ne da na taɓa ja. Wallahi ba mu haɗa baki ba, ko kallon juna ba mu yi ba. Aka busa usur. Ɗan kafili ya fita kamar harsashi.

Bayamale ya ajiye linzami a cinya, ya laluba aljihu ya fito da lemo, ya fara ɓarewa.

Na duba hagu. Ba wanda ya motsa. Keke biyar a tsaye cik, dawakai suna kaɗa jela. Na san waya ɗaya za a buga in kwana a tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar gida. Amma hannuna ya ƙi sakin linzami. Muka zauna muna kallon ɗan kafili yana ƙanƙancewa a cikin farin fili, shi kaɗai, yana zuba wa doki bulala, yana tsere da iska. Sai da ya zagaya ganga ya ɗaga kai ya gan mu.

Mai usur ya rugo yana ɗaga hannu. "Yalla! Me ya faru? Ba ku ji ba ne?"

Bayamale ya tofar da ƙwallon lemo. "Mun ji, ya ustaz. Dokina ne jahili. In bai ga tsoho ya ɗaura igiya ba, ba ya tashi."

Dariya ta fashe. Ba tamu ce ta kashe ɗan kafili ba, ta abokansa ce, waɗanda ke cikin motoci, har da mai dukan sitiyari. Na ga gilashin motar kafili ya tashi a hankali ya rufe.

Saurayin ya dawo da doki yana tafiya, ya sauka. Na ɗauka mota zai shiga. Sai ya miƙe ya nufi ƙofa, muna binsa da ido, ya tsaya gaban benci.

"Ya Ammi, daga ina ake farawa?"

"Daga ganga, ya waladi. Kamar kowa."

Ni na ƙi hawa. Na ce a bar shi ya ja keken haka nan ba kowa. Kawu ya kalle ni da idon nan nasa. "Hau, Ɗan Umra. In ba ka hau ba, ka zage ni."

Na hau. Ni da ke canza hanya in na hango motar 'yan sanda, ni da ko layin waya da sunan wani nake riƙe da shi, na zauna na miƙe ƙafa, ɗan masu fili ya naɗe farar rigarsa a ƙugu ya kama sanduna ya ja ni. Gishiri ya ɓata shi har gwiwa, yana haki, sau biyu yana tsayawa. Kawu yana tafe a gefensa ba takalmi, riƙe da gorar ruwa. Ban yi waƙa ba, ban kaɗa harshe ba. Amma abin da na ji a ƙirjina ran nan, duk wulaƙancin da garin nan ya yi mini kafin nan da bayan nan bai iya goge shi ba.

Da muka iso, Kawu da kansa ya zuba masa ruwa a tafin hannu, ya fito da igiya mai ƙulli ɗaya daga aljihu, ya tsuguna ya ɗaura masa a taya. Ya miƙe ya ce, "Halas. Ku jeru." Aka yi tsere. Bayamale ya ci, ɗan kafili ya zo na uku, mai usur kuwa ba mu san lokacin da ya tafi ba.

Iƙama ta zo saura kwana uku ta ƙare. Direba aka aiko da ita, ba saƙo, ba sallama. Kafilin bai sake gaishe da Kawu ba har mutuwa ta raba su, amma kuma bai taɓa fasa sabuntawa ba. Kawu ya juya katin gaba da baya ya ce, "To, gaisuwarsa dai ba ta cikin abin da ake dubawa a hanya." Har yau babban ɗansa yana cewa tsohon ya yi wasa da rayuwarsu a kan sawun taya. Wataƙila yana da gaskiya, ni ba ni da 'ya'ya a nan da zan auna. Amma ya riƙa faɗin duka, kada ya tsaya a haris.

Yanzu filin babu. Rumbunan ajiye kaya aka gina a kai, dawakai an sayar, Bayamale an daɗe da mayar da shi ƙasarsu. Kawu ya ƙare kwanakinsa a ƙofar gida yana karanta sawun takalma a ƙura. Sai ka zo ya ce maka, "Jiya ka zo ka tsaya a nan ka juya, me ya hana ka sallama?"

Ranar jana'iza, da aka idar da salla aka ɗaga makara, mutane suka yi ca, kowa na son ya sa kafaɗa. Ni na nufi sandan gaba na dama. Daidai lokacin wani hannu ya miƙo, mai agogon zinariya. Na ɗaga kai. Ya yi ƙiba, gemu ya yi fari, shekaru sun wuce ban sa shi a ido ba, amma na gane shi, shi ma ya gane ni. Ya riga ni kaiwa da kaɗan, kuma ba wanda zai ce masa don me. Sai ya janye hannu, ya ja da baya taku biyu, tsawon bulala, ya ce, "Layinka ne."

Na sa kafaɗa. Ya bi bayana har kabari.

Da aka tashi zaman makoki Inna ta kira ni ciki, ta miƙo mini wani ƙunshi. Ta ce, "Yaran nan zubarwa za su yi." Igiyoyin ne guda shida, sun bushe sun yi tauri, gishiri bai gama fita daga ƙullin ba. Suna rataye a ƙusa a ɗakina.

Kawu, kai ma yanzu ana bin sawunka. Allah ya sa a tarar da shi a miƙe tun daga farko har ƙarshe, inda ya karkace kuma Allah ya shafe da rahamarsa. Ya ba Inna haƙurin da kai ba ka taɓa yi ba. Mu da muka rage, Allah ya sa mu iso ba mu hau kan kowa ba. Amin.